Na hana yarana waya, to yanzu me zan yi da su a gida?

Maman_Uku
Assalamu alaikum 'yan gida, don Allah shawara nake nema. Yarana uku, babban shekara 6, mai bi masa mace ce shekara 4, sai auta da bai cika 2 ba. Tunda aka shiga dogon hutun nan daga sun dawo islamiyya babu abin da nake ji sai Mama waya, Mama katun. Sati biyu da suka wuce na lura mai 4 ɗin ba ta cin abinci sai an jingina mata waya a gaban kwano, ranar da caji ya ƙare ta yi kuka har sai da ta yi amai, abin ya tsorata ni wallahi na ce daga yau an daina. To na hana ɗin amma ban san me zan ba su a madadinta ba, yini ake ana faɗa ana kawo ƙara. Gidan haya ne ciki da falo, tsakar gidan mu huɗu muke amfani da shi kuma duk siminti ne, waje kuma Abbansu ya hana fita. Ni dai gani nake yaran yanzu ba su iya wasa ba kawai, mu da muna yara wa ya taɓa zama ya koya mana wasa? Ku da kuke da ƙanana me kuke yi da su wanda ba sai an kashe kuɗi ba?

Gwaggon_Yara
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Uku, kin yi ƙoƙari da kika iya hanawa. Ki daure, satin farko ne mai wuya.

Hajjaju_Gwammaja
'Yata ba na tare da ke a maganar cewa ba su iya wasa ba. Kin ce ba wanda ya koya miki, an koya miki mana, sai dai ba uwarki ce ta koya miki ba. Yayyenki ne da 'ya'yan maƙota. Mu a gidanmu yara sun fi ashirin, ana sallar isha'i in da farin wata kowa ya yi ƙofar gida, 'yan mata na gaɗa maza na langa, ƙarami yana gefe yana kallo har ranar da za a ce shigo. Haka wasa yake wucewa daga babba zuwa ƙarami. Yanzu kin rufe yara uku a ɗaki, babbansu shekara 6, wa zai koya wa wani? Shi ma bai gani ba. Laifin ba nasu ba ne ba kuma naki ba ne, zaman ne ya canza, amma tunda dandalin ya tafi dole ke ki zama yayar tasu na ɗan lokaci.

Maman_Uku
Hajiya wannan magana ta shige ni, gaskiya ban taɓa kallon abin ta nan ba. Sai dai aiki ne ya yi min yawa, ga girki ga wanki ga ɗinkin da nake karɓa.

UmmuAuta
To ai aikin shi ne wasan Maman Uku. Ni nawa biyu ne, 5 da 3, kuma ba ni da mai aiki. In zan dafa wake sai na zuba musu gwangwani ɗaya a faranti na ce a tsince min tsakuwa, wanda ya fi samun tsakuwa shi ne sarkin yau. In ina wanki na ba su ƙaramin baho da safa da hankici su yi ta cuɗawa, ba wankuwa suke ba, daga baya nake sake wankewa amma na samu awa guda ba wanda ya kira sunana. Ranar da nake cincin kuwa biki ne, na gutsura wa kowa ƙullinsa ya murza ya yi abin da yake so, wannan ya ce kifi ya yi wannan ta ce agogo, na soya musu nasu daban su ajiye wa babansu. Kina ɗinki kuma ai kina da ƙyallaye, ki tara mata su a leda ki ga yadda mai 4 ɗin nan za ta yini tana ɗaura wa 'yar tsana zani.

Nas_Kaduna
Shawarar UmmuAuta ta yi kyau amma ina roƙon a kula da autan. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 komai baki yake kaiwa, ƙwayar wake ko gyaɗa ko tsakuwa na iya shaƙe shi, wasu kuma hanci suke turawa. Sannan bahon ruwa, don Allah kar a bar shi da yaro ko na minti ɗaya, ƙaramin yaro kansa yana da nauyi har yana rinjayar jikinsa, in ya kifa a bokiti ba ya iya ɗagowa kuma ba ihu za ki ji ba, shiru abin yake faruwa. Ana gama wasa a zubar da ruwan a kife bahon.
Game da wayar kuma kin yi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in bai kai ba ma ya fi. Sun kuma ce yara daga shekara 1 zuwa 4 su samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, awa uku ke nan, ba a jere ba, a rarrabe. Shi ya sa in an kulle su suke hawa kujera suna dira, jikin ne ke neman haƙƙinsa.

Baban_Biyu
Awa uku?? A falo? Sista ai sai a fasa mana komai

Nas_Kaduna
Malam rarrafe ƙarƙashin tebur ma motsi ne, rawa ma motsi ne, aiken ɗauko min cokali ɗauko min tsintsiya duk yana ciki. A ɗauke abin fashewa a sa sama.

Malamar_Firamare
Ni aji ɗaya nake koyarwa kuma uwa ce, bari na faɗi abin da ya fi min aiki a gida. Kwali. Ki je wurin mai shagon unguwarku ki roƙi babban kwali wanda ba ya so, kar ki gaya musu me za su yi da shi, ki ajiye kawai a tsakiyar falo. Namu ya yi kwana tara, ya zama mota, ya zama shago, ya zama asibiti har da gadon haihuwa, ranar ƙarshe ya zama jirgin Makka kowa ya ɗaura tawul ya shiga. Na biyu murfin kwalbar lemo, ki tara kamar hamsin ki wanke, da su ɗana ya koyi ƙirge da tarawa kafin ya shiga makaranta, yana kasa su biyar biyar wai tumatir yake sayarwa ni kuma ina saye da ganye. Na uku ki samu gwangwanin madara ki huda gindinsa ki zuba ƙasa kowa ya shuka wakensa, a rubuta sunan kowa, cikin kwana huɗu zuwa biyar zai tsiro kuma za ki ga da asuba kafin a wanke ido an je an duba. Sai dai a lanƙwashe bakin gwangwanin saboda yanka.
Abin da nake gani a aji shi ne yaron da ya saba wasa da hannunsa ya fi saurin riƙe fensir, kuma ya fi haƙurin jiran layi. Abin da idona ya gani nake faɗa.

Amarya2023
Ina ta ajiye waɗannan duk da nawa wata bakwai ne. Akwai abin da ake yi da jariri kamarsa ko sai ya girma?

Hajjaju_Gwammaja
Amarya ki yi ta yi masa magana, komai kike yi ki gaya masa, ga shi ina yanka albasa, ga shi Baba ya dawo. Ki rufe fuskarki da mayafi ki buɗe, zai yi ta ƙyalƙyala dariya. Ki ba shi ludayi da murfin tukunya. In ya fara tsayuwa ki kama hannuwansa ki yi masa tata. Ba ya buƙatar abin da ya wuce wannan.

ƊanZazzau
Duk wanda ya yi magana har yanzu mata ne in ban da Baban_Biyu, kuma ba wanda ya tambayi ina Abban yaran yake. Maman Uku kin ce ya hana su fita, to ya yi daidai ta fuskar tsaro, ba wanda zai ga laifinsa da irin labaran satar yara da ake ji, amma wanda ya rufe ƙofa shi ya kamata ya buɗe taga. Zan faɗi nawa. Ni ɗan fari ne, mahaifina Allah ya jiƙansa bai taɓa kiran sunana ba har ya rasu saboda alkunya, ban taɓa hawa cinyarsa ba, na san yana so na don na ga abin da ya yi min a rayuwa, amma na girma ina jin tsoron takunsa. Da aka haifa min 'yar fari na tsinci kaina ina yin irin haka ba tare da na shirya ba, in mahaifiyata na wurin ko kallon yarinyar ba na iya yi. Wata rana na dawo daga kasuwa na ji suna ta dariya da uwarsu a ɗaki, ina yin sallama dariyar ta ɗauke ɗif, kowa ya nemi wurin zama. Daren nan ban yi barci ba. Washegari bayan magariba na durƙusa a tabarma na ce wa ke son doki, sun fi minti ɗaya suna kallona ba wanda ya motsa, sai ƙaramar ta zo ta hau. Yau shekara uku ke nan, tsakanin magariba da isha'i nasu ne, ko waya ba na ɗagawa sai in ta gaggawa ce. Doki, kokawa a katifa, wani lokaci inuwa da tocila a bango in an ɗauke wuta, na yi musu zomo da kare da hannu. Uwarsu a lokacin take samun ta yi wanka a nutse ta ci abinci da zafinsa.

UmmuAuta
Allah ya saka maka da alheri Malam, wallahi har na yi ƙwalla. Zan tura wa Abbansu wannan.

Mai_Shago_Kwari
Malam ƊanZazzau na ji ka amma a yi mana adalci. Ina fita bakwai na safe, ban dawowa sai tara saura na dare, ga cunkoso ga ciwon baya, na tarar sun yi barci. Ba ƙin wasa da su nake ba. Kuma ni ina ganin in uba ya cika wasa da yara raini ke shiga, gobe ka ce bari su ɗauka wasan ne.

Almajirin_Malam
Alhaji batun gajiya gaskiya ne, Allah ya sa wa nema albarka. Amma batun raini ina da ja. Annabi SAW ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Nana Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta in ya miƙe ya ɗauke ta, wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Ya taɓa tsawaita sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa bai so ya katse masa. Kuma da Aƙra'u bin Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da aka ba shi ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Wa ya kai Annabi kwarjini? Wasan bai rage masa komai ba. In ranakun kasuwa ba sa yiwuwa ai akwai safiyar Juma'a ko Lahadi.

Mai_Shago_Kwari
Sallallahu alaihi wa sallam. Na karɓa. Lahadi ina gida har azahar, zan gwada.

Ƴar_Maraɗi
Salamu alaikum, ni daga Nijar nike. Mu nan in kuran, wato wutar lantarki, ya tafi da dare gatana muke yi ma ɗiya, abin da ku kuke ce ma tatsuniya. Tsohuwarmu tana tare da mu, ita ka yi, sai a baza tabarma a kawo gujiya kowa na ɓara yana saurare, kafin a gama an ɓare tiya guda ba wanda ya san ya yi aiki. Ɗiyana sun san Gizo da Ƙoƙi da kura da Botorami tun ba su shiga lakwal ba. Abin da na lura in ta yi masu wadda sunka sani ba su gajiya, in ta canza ko kalma guda sai su ce a'a Inna ba haka ba ne, su gyara mata. Maman Uku ko guda ukku kika sani sun isa, ki yi ta maimaitawa. Salula kuwa mun aje doka, ba a taɓa ta wurin tabarma, har babansu.

Maman_Uku
'Yar uwa kin taɓo inda yake min ciwo. Jiya na ce bari na gwada, na ce ga ta nan ga ta nan ku, sai suka yi shiru suna kallona, ba su san ana cewa ta zo mu ji ta ba. Ni kuma da na fara ta Gizo sai na kai tsakiya na manta yadda ta ƙare. Kakarsu tana Ɗambatta, sai da salla muke zuwa.

Gwaggon_Yara
Ki kira ta ta yi miki a waya mana ki riƙe, ko ta yi muryar a WhatsApp in akwai mai taimaka mata. Ke ki saurara da rana ki yi musu da dare da bakinki. Tsofaffin nan daɗi suke ji in an tambaye su.

Abu_Sumayya
Ni fa ina da shakka kan tatsuniya. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma Gizo kullum da wayo da cuta yake cin nasara, me muke koya wa yaro ke nan? Me zai hana a ba su ƙissoshin annabawa? Haka 'yar tsana da aka ambata a sama, ni ba na bari a shigo min da ita gida.

Almajirin_Malam
Malam Abu Sumayya ƙissoshin annabawa su ne gaba, ba musu, kuma yara na son su ƙwarai, ka gwada ba su ta Annabi Yunus da kifi ko ta Annabi Yusuf ka gani. Amma ɗaya ba ta kore ɗaya. Mai tatsuniya ba ya cewa abin ya faru, kowa ya san misali ne, shi ya sa ma ake rufewa da cewa ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Batun 'yar tsana kuwa Nana A'isha ta ba da labarin tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi SAW, yana cikin Bukhari, a Abu Dawud ma har da doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta ya gani ya yi dariya. Malamai sun yi bayani kan irin ta roba ta yanzu mai cikakkiyar sura, wannan kowa ya tambayi malaminsa, amma ta ƙyalle da kara da iyayenmu suka yi wasa da ita ban san wanda ya hana ba.

Hajjaju_Gwammaja
Kuma ba kullum Gizo ke cin nasara ba ɗana, sau nawa kwaɗayinsa ya ja masa duka ya gudu ya maƙale a bango? Yaran da kansu suke cewa Allah ya ƙara. In an gama sai ka tambaye su wa ya kyauta wa bai kyauta ba, a nan tarbiyyar take. Mu ƙashin ƙafar saniya ma mun goya a matsayin 'ya, mu yi mata kitso da zare, mu yi tuwon ƙasa a gwangwani mu yi miya da ganyen dalbejiya, a nan muka fara sanin yadda ake riƙe gida.

Abu_Sumayya
Na ji hujjar 'yar tsanar ƙyalle, na gode. Tatsuniya dai har yanzu raina bai kwanta ba, zan tsaya kan ƙissa.

Basakkwace
Ku dakata, wa ya ce ƙurunƙus? Mu ƙungurus kan kusu munka sani

Gwaggon_Yara
Ba wanda ya ce tukuna ai, kai ka fara kawowa. Mu dai a Kano ƙurunƙus muke cewa, wasu su ƙara da kan ɗan ɓera. Kusu da ɓera ai abu ɗaya ne. Kuma an hana mu yi da rana wai mutum ɓata zai yi, ina jin dabara ce don kar a bar aiki a zauna hira.

Uwargida_Ingila
Ina karanta ku ina jin kewar gida. Maman Uku ki gode wa Allah kina da tsakar gida ko da na siminti ne, mu nan in hunturu ya shiga kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ga sanyi ga ruwa, muna hawa na biyu kuma in yara suka yi tsalle na ƙasa na ji. Babbar damuwata ma harshe ne, ina musu Hausa suna amsa min da Turanci. Abin da ya fara karya wannan kacici-kacici ne, don ba ya fassaruwa, dole ka faɗe shi yadda yake. Na fara da kulin kulifita, suka yi ta dariyar sautin kafin ma su san gauta ce amsar, sai da na nemo hoton gauta na nuna musu. Sai shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, na ɗauko tsintsiyar da na zo da ita daga gida na ajiye a gabansu har babbar ta gano. Yanzu su ke tare babansu a ƙofa da Baba na ɗaka gemunsa na waje. Sannan karya harshe, da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto, wannan shi ya koya wa ɗana bambancin k da ƙ wanda na yi shekara ina fama.
Muna kuma yin ƙullin wasa, kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, ruwa kamar kofi ɗaya da cokalin mai, a cuɗa. In ina son ja na sa ruwan zoɓo, rawaya kuma kurkum. A roba mai murfi yana yin kwanaki.

UmmuAuta
Anti kofi biyu na fulawa a wasa a wannan tsadar? Mu dai laka za mu ɗebo, damina ce ko'ina akwai, in akwai masu tukwane kusa ma yumɓu ya fi kyau. Su gina shanu da tukwane a shanya a rana.

Nas_Kaduna
Kowanne aka yi a sa ido kar autan ya ci, gishirin da ke cikin na fulawar ya yi wa ƙaramin yaro yawa. Laka kuma a ɗebo daga wuri mai tsabta ba bakin kwata ba, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Tunda ana maganar tocila da kayan wasa bari na ƙara, ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke cikin wasu kayan wasa masu ƙara da agogo, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu, asibiti ake gudu kai tsaye ba a jira a ga ko zai fito.

Ɗan_Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a zango yaranmu sun haɗa biyu, 'yan mata na buga ampe irin na nan, tsalle da tafi ne kawai ba a sayen komai kuma mutum biyu sun isa, ko a ɗan lungu ana yi. Ni kuma na koya wa babban ɗana dara kamar yadda kakana ya koya min, na zana gida talatin a bayan kwali, biyar a shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, shi murfin kwalba ni tsinke, in ka jera uku ka cire na abokin wasa ɗaya. Shekararsa 7 kuma ya fara cinye ni da gaske. Mai 6 ɗinki zai iya Maman Uku, Abbansa ya zauna da shi.

Baban_Biyu
Ba wanda ya ambaci jini-jini. Wannan ko a kwance ana yi. Ka ce akuya da jini su amsa, kaza da jini su amsa, ka yi ta sauri sai ka jefa dutse da jini, wanda ya amsa ya faɗi. Mu da duka ake yi da muna yara amma ni cakulkuli na mayar da hukuncin. Sista kin ga na samo wanda ba ya fasa komai.

Malamar_Firamare
Ina so na koma kan maganar farko ta Maman Uku don ina ganin mun cika ta da jerin abubuwa har za ta ji kamar wani sabon aiki aka ɗora mata. Ba dole ba ne ki cike musu kowace awa. In yaro ya ce Mama na gaji da zama ba abin yi, ba laifi ba ne, ki bar shi, bayan ɗan ƙunƙuni shi zai ƙirƙiro wani abu, wayar ce ta hana shi kaiwa wannan gaɓar. Ke dai ki fara musu na minti goma ki zame. Kuma maƙotanki uku da kuke tsakar gida ɗaya ba su da yara? Da alli ko gawayi ana zana 'yar gala-gala a siminti, siminti ma ya fi daɗin carafke.

Maman_Uku
Akwai yara biyar a sauran ɗakunan Malama, amma gaskiya kowa kulle nata take, an taɓa samun saɓani kan faɗan yara tun bara shi ke nan kowa ta kama kanta.

Hajjaju_Gwammaja
To ke ki fara sallama. Faɗan yara ba ya kwana, na manya ne ke shekara. Ki soya cincin ɗin nan ki aika wa kowane ɗaki, ki ce bayan la'asar za ki zauna a tsakar gida da ɗinkinki duk mai so ta turo nata kina kallonsu. Gobe wata za ta karɓe ki.

Amarya2023
Hajiya in faɗan ya sake tashi fa? Ni abin da nake tsoro ke nan a gidan haya

Hajjaju_Gwammaja
Zai tashi mana. Wadda ke zaune ta raba, ta yi wa nata faɗa ko ba shi ne da laifi ba, kar ta kai ƙara ɗakin kowa.

Maman_Uku
Salam, na dawo da bayani bayan kwana huɗu. Kwalin ya yi aiki sosai, kwana biyu suna ciki, sai auta ya zauna a kai ya lotse aka yi kuka. Wake mun shuka gwangwani uku, biyu sun fito na mai 4 ɗin bai fito ba tana ta zuwa dubawa, na sake tura wata ƙwayar a ciki da ta yi barci. Na kira Inna ta yi min tatsuniya biyu har da waƙar ciki, ta yi ta murna ta ce a kawo mata su kafin a koma makaranta. Cin abinci ba waya har yanzu da rigima, jiya ta ci rabi yau ta ƙi sai da yayanta ya zauna suka ci a kwano ɗaya. Abbansu na nuna masa rubutun Malam ƊanZazzau ya karanta bai ce komai ba, bai yi doki ba, amma daren jiya da aka ɗauke wuta na ji shi yana tambayar babban wai tsumagiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba mene ne. Maƙota kuma ɗaya ta turo nata biyu, sauran ba su ce komai ba tukuna. Ban sani ba ko in an koma makaranta zan iya riƙe wannan, kuma gaskiya ranar Asabar da ɗinki ya matse ni na ba su wayar na kusan awa ɗaya.

Nas_Kaduna
Awa ɗaya a rana guda ba komai 'yar uwa, autan dai a ɗauke shi daga wurin.

ƊanZazzau
Ki ƙyale shi kar ki matsa masa, ni ma ba rana ɗaya na sauko ba. Tunda ya fara tambaya zai ci gaba.

Uwargida_Ingila
Tsumagiyar kan hanya ɗin nan ban san ta ba, don Allah mene ne amsar in kai wa nawa?

Basakkwace
Yunwa ta. Amma kar ki gaya musu da wuri, ki bari sai sun ba ki gari.

Gwaggon_Yara
Maman Uku in za ku yi carafken ki faɗa min da duwatsu nawa kuke yi a wajenku, na zo koya wa 'yar ƙanwata jiya muka yi ta musu da uwarta kan adadin, ita ta ce ba haka suke yi a Haɗejia ba.